Kiwon Zabi A Gida: Ribar Tana Ga Rainon 'Yan Tsaki

Gabatarwa

Zabo tsuntsu ne ɗan asalin nahiyar Afirka, kuma da wuya mutum ya kwana a ƙauyen ƙasar Hausa bai ji kukansa da asuba ba. Ya fi kaza jure zafi da ƙarancin abinci, yana fita kiwo da kansa, yana cin fari da kaska da sauran ƙwari, sannan namansa da ƙwansa ba sa kwantai a kasuwa. Duk da haka, magidanta da yawa sukan fara kiwon zabi da murna a farkon damina, amma kafin kaka ta shigo sai a tarar ba su tsira da komai ba sai 'yan ƙalilan. Binciken da masana suka yi a ƙauyukan arewacin Nijeriya da arewacin Gana ya nuna cewa sau da yawa rabin 'yan tsakin zabi, ko fiye da haka, suna mutuwa kafin su cika mako 8. Wannan bayani zai nuna wa manoma da jami'an ƙananan hukumomi inda asarar take shigowa da kuma yadda za a toshe ta da abin da ake da shi a gida.

Zaɓen iri

Akwai launi huɗu da aka fi sani a wurinmu: sake mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ya fi yawa, da hurudu mai ruwan toka, da angulu wato baƙi, sai kuma farin zabo. Launi ba shi ne abin dubawa ba. A nemi tsuntsu mai kuzari, mai hasken ido, wanda gashinsa ya kwanta sumul, kuma gara a saya daga gidan da aka san lafiyar tsuntsayensa.

Bambance namiji da mace yana ba mutane wahala. Hanya mafi sauƙi ita ce sauraren kuka bayan sun haura wata 2: zabuwa tana yin kuka mai gaɓa biyu tana maimaitawa, shi kuwa namiji gaɓa ɗaya kawai yake yi. Haka kuma ƙahon da ke bisa kan namiji da jar fatar da ke rataye a gefen bakinsa sun fi na mace girma. A daji zabi sukan zauna biyu-biyu ne, mace da namiji, saboda haka idan mata suka yi wa namiji ɗaya yawa, ƙwai da dama ba za su yi 'ya'ya ba. Kada a wuce mata 4 ko 5 ga namiji ɗaya.

Ƙwai da kwanci

A ƙasarmu zabuwa tana saka ƙwai ne da damina, galibi daga watan Afrilu ko Mayu zuwa Satumba ko Oktoba. Idan tana samun abinci, kuma ana kwashe ƙwan a kai a kai, tana iya saka 50 zuwa 100 a damina ɗaya. Ɗabi'arta ce ta ɓoye ƙwai a cikin ciyawa ko gindin shinge, kuma sau da yawa zabi da dama sukan taru su saka a gurbi guda. Don kada maciji ko kare ko ɓarawo su riga mai shi, a riƙa tsare su a gida har rana ta ɗaga sosai, a kuma tanadar masu gurbi a lungu mai duhu. In za a kwashe ƙwai a bar 2 ko 3 da aka yi wa alama, domin idan ta tarar da gurbi wayam sai ta sauya wuri.

Zabuwa ba ta iya raino ba. Takan ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe, ta yi tafiya mai nisa ba ta waiwayen na baya. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwan zabi, kuma har yanzu wannan dabara ita ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. A zaɓi kazar da aka san ta da riƙon kwanci, a sa mata ƙwai 12 zuwa 15 gwargwadon girmanta. Ƙwan da za a sa kada ya wuce kwana 7 da sakawa, a ajiye shi a wuri mai sanyi, kuma kada a wanke shi. Ƙwan zabi yana ƙyanƙyashewa ne a kwana 26 zuwa 28, na kaza kuwa a kwana 21. Don haka kada a haɗa su rana ɗaya a ƙarƙashin kaza ɗaya, domin da zarar nata sun fito za ta tashi ta bar sauran. Bayan kwana 10 a haska kowane ƙwai da tocila a cikin duhu, a cire wanda ba a ga alamar ɗa a cikinsa ba tun bai zama baragurbi ba.

Makonni shida na farko

A nan ne ake samu ko a rasa. Ɗan tsakon zabo ƙarami ne ƙwarai, kuma yana fitowa ne a tsakiyar ruwan sama. Abubuwa huɗu suka fi kashe shi: sanyi da jiƙewa, yunwa, faɗawa cikin ruwan sha, da kuma shaho da shirwa da muzuru.

Ɗumi: A killace kaza da 'yan tsakin a akurki ko ɗakin da ba ya yoyo, har mako 6. A shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa a ƙasa, a riƙa sauya shi idan ya jiƙe. Kada a sa su a kan leda ko wani abu mai santsi, domin ƙafafunsu za su buɗe su nakasa. Idan 'yan tsakin suna da yawa ba uwa, suna bukatar zafin digiri 35 a ma'aunin Salshiyas a makon farko, a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Mai amfani da kaskon gawayi ya kewaye shi da waya, ya kuma bar kafar shigar iska, domin hayaƙin gawayi yana kashe su. Ko babu ma'auni, su da kansu za su nuna: idan suka cunkushe wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, idan kuma suka guje wa wuta suna haki, zafi ya yi yawa.

Abinci: Dusa da tsakin gero kaɗai ba su isa ba. Ɗan tsakon zabo yana bukatar abinci mai sinadarin furotin kimanin kashi 24 cikin 100, fiye da abin da ɗan tsakon kaza yake bukata. Wanda yake da hali ya sayi abincin 'yan tsaki na kamfani, ya ƙara masu da gara. Wanda ba shi da hali ya haɗa niƙaƙƙiyar masara ko gero da garin soyayyen waken suya da ɗan garin busasshen kifi. Ana tara gara cikin sauƙi: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara take da yamma, a ɗauka da safe. A guji manyan zago masu cizo. A ba su abinci kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 a yini, kuma kada a ba su hatsin da ya yi fumfuna.

Ruwa: A zuba ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki yadda za su sha ba tare da sun faɗa ba. A wanke farantin kullum.

Fita: Bayan mako 6 a fara sakin su da hantsi idan raɓa ta bushe, a mayar da su da zarar hadari ya taso.

Ga misali: idan aka sa wa kaji biyu ƙwai 30, guda 20 suka ƙyanƙyashe, mai sakin su a tsakar gida zai iya tashi da 10 ko ƙasa da haka. Wanda ya killace su kuwa yana iya tsira da 16 ko 17. Ƙwan ɗaya ne, kajin ɗaya ne, wahalar mako 6 ce kawai ta raba su.

Makwanci da sabo da gida

Zabo bai rabu da halin daji ba, in aka ƙyale shi a kan bishiya zai kwana, inda mujiya da ɓarayi suke samun sa cikin sauƙi. A gina masu ɗaki mai iska, a gicciya sanduna a sama domin suna son kwana a wuri mai tsayi. A riƙa watsa masu hatsi kowace yamma a ƙofar ɗakin, a lokaci ɗaya, har su saba da dawowa. Manyan zabin da aka sayo a tsare su mako 4 zuwa 6 kafin a sake su, in ba haka ba za su bi daji.

Kiwon lafiya

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Annobar kaji da ake kira Niyukasil tana kama zabi, kuma ta fi tsanani da hunturu. Alamominta sun haɗa da koren zawo, saukar fukafukai da murɗewar wuya. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafin da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan kowane wata 4. A yi wa kaji da zabi tare, domin tare suke kiwo.

Murar tsuntsaye kuwa an fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, ta sake ɓarkewa a 2015 da kuma 2021. Idan aka ga tsuntsaye suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, a binne matattun a rami mai zurfi. Duk tsuntsun da aka sayo a ware shi daga na gida har mako 2. Bugu da ƙari, a nemi shawarar jami'in dabbobi a kan maganin tsutsar ciki, kuma kada a sayar da nama ko ƙwan tsuntsun da ake ba magani sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Zaman lafiya da maƙwabta

Lokacin shuka zabi sukan tone iri a gonakin bayan gari, abin da yake jawo rigima tsakanin maƙwabta. Haka kuma irin da aka gauraya da magani, da gonar da aka yi wa feshi, guba ne gare su. Ya kamata mai kiwo ya tsare zabinsa har shuka ta tsiro, manomi kuma ya sanar da maƙwabtansa ranar da zai yi feshi.

Kammalawa

Dafaffen ƙwan zabi yana da kasuwa a tashoshin mota duk damina, kuma kaurin ɓawonsa yana sa ya jure ajiya da tafiya. Zabin da aka ƙyanƙyashe a farkon damina sun isa sayarwa kafin ƙarshen shekara, lokacin da fatake suke neman su domin kaiwa kudu. Amma zabon da ya rayu shi ake kaiwa kasuwa.

Saboda haka muna kira ga sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da su tsara ranakun rigakafi unguwa-unguwa kafin hunturu, malaman gona kuma su nuna wa jama'a yadda ake killace 'yan tsaki tun kafin ruwan farko, musamman mata da matasa waɗanda su ne ke ɗawainiyar tsuntsaye a gida. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su taimaka da shela a kan tsare zabi lokacin shuka da gaggauta kai rahoton annoba. Magidanci kuma ya gyara akurkinsa, ya tanadi ɓuntu da abinci tun kaza tana kan kwanci. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, amin.