Ko Ka Sani? Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Kwaikwayo da Layin Dogon Gadarif

Jirgin ƙasa na kwaikwayo shi ne ƙaramin jirgin da ake ƙerawa da siffar babba, a shimfiɗa masa dogo a kan tebur tare da tashoshi da gadoji, sannan a tafiyar da shi da wutar lantarki mai rauni wadda ke bi ta ƙarafan dogon ta shiga ƙafafun injin. Mutane da dama suna ɗaukarsa abin wasan yara, amma kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire da Yorkshire a Ingila ya yi amfani da irinsa wajen koya wa ma'aikata aikin sigina tun wajen 1913, an ci gaba da koyarwa da shi har 1995, kuma yanzu yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York. A Hambog ta Jamus kuma akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda tsawon ƙananan layukan ya haura kilomita 15.

Tushen sana'ar shi ne ma'aunin ƙanƙantarwa, wato adadin da ake raba kowane tsawo da shi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake raba komai da 87, faɗin dogon kuma ya zama milimita 16.5. Sai dai wannan faɗi yana wakiltar dogon Turai ne mai milimita 1435, alhali tsohon layin Sudan, kamar na Legas zuwa Kano, faɗinsa milimita 1067 ne. Saboda haka duk mai son ya kwaikwayi layin da ya ratsa garin Gadarif na Sudan bisa gaskiya sai ya nemi dogo mai milimita 12, ko kuma ya koma ma'aunin 64 ya yi amfani da dogon HO, kamar yadda masu wannan sha'awa suke yi a Niyu Zilan, inda faɗin layinsu ya zo ɗaya da na Sudan.

Layin kuwa ya cancanci a kwaikwaye shi. Ya taso daga mahaɗar Hayya ya isa Kasala a 1924, ya kai Gadarif a 1928, sannan ya haɗe da Sinnar a 1929, yana ƙetare kogin Rahad a Hawata. Wannan ƙasa ce da Hausawa da Fulani suka zauna a cikinta a kan hanyar aikin hajji, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kusa da Sinnar. Sikka hadid, kamar yadda ake kiran layin dogo da Larabcin Sudan, ita ce ta riƙa kwashe dawa da riɗi da ƙaro zuwa Bur Sudan, ta kuma taƙaita wa alhazai tafiyar da a da ake yi da ƙafa. Abin takaici ne cewa zirga-zirga a wannan reshe ta yi rauni ƙwarai tun shekaru masu yawa, har yara da yawa sun girma a kusa da dogon ba su taɓa ganin yadda ake karɓar jirgi a tasha ba.

A wajen gwanayen wannan fanni, kyawun fenti da ƙananan bishiyoyi ba su ne ke sa kwaikwayo ya yi kama da gaskiya ba. Abin da ke sa shi shi ne yadda ake tafiyar da shi. Gudu shi ne wurin da sabon shiga ya fi yin kuskure, domin jirgin HO da ke cin mita ɗaya a daƙiƙa yana wakiltar gudun da ya haura kilomita 300 a awa, alhali jirgin kaya mai kilomita 30 a awa bai kamata ya wuce santimita 10 a daƙiƙa ba, wato tafiyar da ido zai iya ƙirga taragai ɗaya bayan ɗaya. Nisa ma yana da tasa matsalar, tunda tsakanin Gadarif da Sinnar ya fi kilomita 200, wanda ko an raba shi da 87 zai buƙaci ɗaki mai tsawon fiye da kilomita biyu. Dabarar da aka samo ita ce a matse tazarar tashoshi, a kuma yi aiki da agogo mai sauri, wanda ke cinye awa guda cikin minti goma ko goma sha biyar, don jadawalin yini ya ƙare a zama ɗaya.

Bayan haka kowane tarago dole ya kasance da dalilin tafiyarsa. Ana yi masa kati mai ɗauke da lambarsa, a soka takardar kaya a aljihun katin, wadda ke nuna abin da ya ɗauko da inda za a sauke shi, ta yadda taragon riɗi zai bar Gadarif cike, ya dawo da gishiri ko siminti ko kuma wayam. Da yake layin guda ɗaya ne, jirage biyu ba sa gittawa sai a tashar da ke da layin kaucewa, kuma direba ba ya shiga tsakanin tashoshi biyu sai ya riƙe sandar izini, wato ƙarfen da babu irinsa sai ɗaya a hannu a lokaci guda. Wannan ƙa'ida ta ƙara ƙarfi ne bayan karon gaba da gaba da aka yi a Thorpe ta Ingila a 1874, kuma idan aka bi ta a kan tebur, yaro zai gane cikin rabin awa dalilin da ke sa jirgi ya daɗe tsaye a tasha ba tare da ya lalace ba.

Kulawa da ƙaramin jirgin kuwa ta fi wuya a ƙasa irin ta Gadarif, mai baƙar laka da ke tsagewa da rani ta tashi ƙura. Wurin da ƙafar jirgin ke taɓa dogo bai kai kan allura ba, kuma ta nan ne wuta ke wucewa, don haka ɗan baƙin dattin da ke taruwa a kan ƙarfen ya isa ya sa injin ya riƙa tuntuɓe, fitilarsa tana ƙiftawa. Ana goge shi da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da sifirit, ba da sanfefa ba, domin sanfefa tana barin ƙananan zane waɗanda datti ke maƙalewa a ciki. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya wadatar, tunda yawansa ƙura yake kira. Zafi yana miƙar da ƙarfe, damina kuma tana kumbura katakon tebur, shi ya sa ake barin 'yar tazara kamar kaurin takarda a mahaɗar ƙarafa, irin wadda ke sa babban jirgi ƙarar nan tasa ta ƙwas-ƙwas. Nauyi ma yana yaudara, domin tarago mai tan 40 idan aka ƙanƙantar da shi ta tsawo da faɗi da tsayi a ma'aunin HO zai zama kusan giram 61 kacal, kuma marar kaya ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, don haka ake manna masa ɗan ƙarfe a ƙasan cikinsa, daidai tsakiya, kada ya goce a kwana.