Yaran da Suka Shahara, da Yaranmu da Ke Kallonsu

A kowane zamani yaro ba ya rasa wanda yake ɗaga kai yana kallo, domin Allah Ya halicci ɗan Adam da ɗabi'ar kwaikwayo tun kafin Ya ba shi hankalin tantancewa. Sai dai a da wanda ake koyi da shi malami ne ko gwanin sana'a da unguwa ta san asalinsa da halinsa, yau kuwa sau da yawa tsaran yaron ne, ɗan shekara 15 ko 16, wanda waƙa ko wasan kwaikwayo ko guntun bidiyo a TikTok ya ɗaukaka shi dare ɗaya. Duk wanda ya zauna shagon tela gab da Salla ya ga alamar abin: yarinya za ta zaro waya, ta nuna hoton wata tauraruwa sa'arta, ta ce ita dai irin wannan ɗinkin take so, har da yadda aka karkata ɗaurin ɗankwalin, uwar kuwa tana gefe tana tsaki, ko sunan mai hoton ba ta sani ba.

Damuwar iyaye tana da hujja, amma wajibi ne a ɗora ta inda ta dace, gama ƙuruciya a kan kanta ba aibi ba ce. Ai Usama ɗan Zaidu bai cika shekara 20 ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa shi jagoran rundunar da ke da manyan sahabbai a cikinta. Amma shi a gidan Annabci ya tashi, tarbiyya ce ta riga muƙami zuwa. Tauraron yau kuwa shuhura ce ke riga tarbiyya, kuma a bayansa akwai manya masu neman riba, waɗanda su ke zaɓa masa tufa da lafazi da rawa gwargwadon abin da kasuwa ke so, har ya zama abin da 'ya'yanmu ke ɗauka halinsa ne, a haƙiƙa hajar wasu ce aka rataya masa.

Mutanen Amurka, da suka riga mu shiga wannan sha'ani, sun daɗe da ɗanɗana kuɗarsa. Jackie Coogan yana ƙaramin yaro ya fito a fim tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara dukiya mai yawa, amma da ya girma sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka, har ya kai su ƙara a 1938, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta yi dokar kare kuɗin yara 'yan wasa a 1939. Mawaƙiya Britney Spears kuwa, wadda duniya ta san ta tana da shekara 16 a 1998, miliyoyin 'yan mata suka riƙa kwaikwayon shigarta, ita ce kotu ta ɗora wa hajru a 2008, aka miƙa al'amuranta da dukiyarta ga waliccin mahaifinta, ba a ɗage ba sai 2021. Malaman fiƙihu ba su yarda a miƙa wa yaro dukiyarsa ta kansa don ya balaga kawai ba, sai an ga rushdinsa. To, wanda shari'a ba ta amince masa da aljihunsa ba tukuna, ina dalilin damƙa masa zukatan 'ya'yanmu? Ni a ganina irin waɗannan yara sun fi cancantar tausayi da addu'a bisa ga zagi.

A wajenmu an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da fim yake zuwa a kaset, ana kallonsa a tsakar gida gaban kowa; yanzu abin yana shigowa ta waya har ƙarƙashin matashin kai. Ƙasar Ostireliya ta zartar da doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta, amma ba hukumar da ke kwana a ɗakin yara. Ƙwace waya ma ba ya warkar da cutar, domin yarinyar za ta kalla a ta ƙawarta a gidan biki, ta kuma koyi ɓoyewa.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku zauna ku kalla tare da 'ya'yanku, ku tambaye su cikin natsuwa abin da ya burge su, sa'an nan ku fahimtar da su cewa motar da ke cikin bidiyon tana iya zama ta aro, murmushin kuma an maimaita ɗaukarsa sau da dama, kuɗin kuwa akwai masu rabawa a bayan fage. Ku riƙa kai su wajen mutanen kirki na zahiri, ungozoma da malamin makaranta da mahaddaciyar unguwa, su gan su ido da ido suna bakin aikinsu.