Laktayen da Ya Wuce Kan Bel

Wanda ya ɗanɗani zafin Afrilu a Haɗejiya ba zai so a shaƙe masa wuya da laktaye ba. Amma lauya da ma'aikacin banki da matashin da aka kira intabiyu, dole ce ta sa su. Yawancin laktayen kasuwa, sabo ko na gwanjo, tsawonsa inci 57 ne ko 58, alhali ƙa'ida bakinsa ya tsaya daidai kan bel. Gajeren mutum kuwa sai ya ga nasa yana reto har cinya.

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa kai nasa wurin tela a kasuwa, ana gobe zai je neman aiki Dutse. Telan gwanin babbar riga ne, ba a ja da shi a wannan. Ya shimfiɗa laktayen, ya datse faffaɗan bakin, ya kalmashe, ya bi da keke, ya danne da dutsen guga. Da safe yaro ya ɗaura, sai abu ya murɗe kamar igiyar guga, bakin yana kallon gabas. Har yau akwai masu cewa ai laktaye ƙyalle ne kawai, duk inda ka yanka daidai ne. Wa ya gaya musu?

Sirrin yana cikin yankan. Ba a bin tsayin zare ko faɗinsa yadda ake yanka shadda. A karkace ake yanka shi, a kusurwar digiri 45. Duk ɗan bakin kogin Haɗejiya ya san wannan ko bai taɓa riƙe allura ba. Ɗauki ragar masunta ka ja ta bin zare, ba za ta ba ka komai ba; ja ta ta kusurwar idanunta, sai ta miƙe, ka saki ta koma. Haka yadi yake. Wannan miƙewa da komawar ita ke sa ƙulli ya kama wuya, laktaye ya sauka sumul. Wani mai ɗinka laktaye a New York, Jesse Langsdorf, shi ya yi rajistar dabarar a shekarun 1920, yana haɗa shi daga ƙyalle uku. A bayansa kuma ɗinkin hannu ne sako-sako da zare guda, don yadin ya sami wurin motsi. Wannan ɗan zaren da kake gani ya yi lanƙwasa a ciki ba aibi ba ne, kada ka ciza shi. Keke na hawa kai, ka ɗaure abin da aka yi domin ya motsa.

Kafin ma a zo ga almakashi, a tambayi masu naɗi a fada. Rawani in ya yi tsawo ba a yanke shi, zagaye ake ƙarawa. Haka ma laktaye: ƙullin Windsor ya fi ƙullin gama-gari cin yadi, sau da yawa shi kaɗai ya isa. Af, wai Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya yi murabus a 1936, wanda aka yi wa hawan daba a Kano a 1925 yana yarima, shi ya ƙirƙiro ƙullin. Ba haka ba ne. Laktayensa ne masu kauri, mutane suka riƙa ƙara zagaye don su kamo girman ƙullinsa. A 1999 ma wasu masana biyu a Jami'ar Cambridge, Thomas Fink da Yong Mao, sun lissafa hanyoyin ƙulli 85.

In an sauya ƙulli amma laktayen bai daina reto ba, to a rage ta siririn gefen, ko a mahaɗin da ke ɓuya ƙarƙashin kwala. A farke, a yanke yadi da shafi a karkace, a mayar da ɗinkin da hannu, a bi da guga sama-sama da ƙyalle a tsakani. Sauran kuwa tela ya sani.

Ɗan ƙanwata dai ranar nan kaftani da hula ya sa ya tafi Dutse.