Wa'azi da Hali: Zaman Sharl de Fuko Cikin Buzayen Ahaggar

Gabatarwa

Mabiya ɗariƙar Katolika sun ɗauka cewa isar da saƙon addini wajibi ne a kan kowane mai bi, ba sai limamin coci kaɗai ba. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya fitar da takarda ta musamman a kan haka, inda ya nuna cewa manomi a gonarsa, da ɗan kasuwa a rumfarsa, da uwa a tsakar gidanta, duk suna da rabo cikin wannan aiki. A 1975 kuma Fafaroma Bulus na Shida ya ƙara jaddada cewa kyawun hali shi ne matakin farko na wa'azi, tun kafin a buɗe baki. Wannan maƙala za ta duba yadda wani Bafaranshe, Sharl de Fuko, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Charles de Foucauld, ya aikata wannan ra'ayi a hamadar Sahara shekara sittin kafin taron.

Tasowarsa

An haife shi a birnin Istirasbur na Faransa a 1858, ya zama maraya yana ɗan shekara shida. Ya tashi ya shiga soja, ya yi watsi da addini, ya ɓarnatar da dukiya mai yawa da ya gada. Daga 1883 zuwa 1884 ya ratsa ƙasar Maroko cikin shigar Bayahude, yana auna hanyoyi da duwatsu. A can ne ya ga yadda Musulmi ke tsayar da salla kowace rana, abin ya taɓa zuciyarsa, ya sa shi tambayar kansa game da Allah. A 1886 ya koma ga addinin iyayensa a birnin Faris.

Bayan shekara bakwai a gidajen zuhudu, sai ya tafi Nazarat a 1897, ya zama bara mai yi wa wasu mata masu zuhudu aike da shara. A nan ra'ayinsa ya nuna. Ya lura cewa, bisa ga Linjila, Yesu Almasihu ya yi kusan shekara talatin a wannan ƙauye yana sana'ar hannu cikin talakawa, kafin ya yi 'yan shekaru yana wa'azi a fili. Saboda haka ya ƙudurta cewa zaman yau da kullum, wato aiki da maƙwabtaka da addu'a, shi kansa hanya ce ta isar da saƙo.

Zamansa a Tamanrasat

An naɗa shi limamin coci a 1901, ya sauka a Bani Abbas, yammacin Aljeriya, inda ya riƙa karɓar baƙi da matafiya, yana fansar bayi gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Burinsa shi ne Kirista da Musulmi da Bayahude su ɗauke shi ɗan'uwan kowa. A 1905 ya ƙaura kudu zuwa Tamanrasat, cikin duwatsun Ahaggar, wadda a lokacin ƙaramin ƙauye ce mai gidaje kamar ashirin. Sarkin Buzayen yankin, Musa ag Amastan, ya yarda masa ya zauna.

Ana iya kasa aikinsa na kullum gida uku. Na farko ibada, domin yakan shafe sa'o'i yana addu'a shi kaɗai. Na biyu hidimar maƙwabta: ba da magani, raba hatsi lokacin fari, koya wa mata saƙa da allura, da sauraron duk wanda ya yi sallama. Na uku nazarin harshe, wanda ya ci mafi yawan lokacinsa. Ya gane cewa ba a sanin mutane sai an san bakinsu, don haka ya shiga tattara kalmomi da karin magana da waƙoƙin baka na Tamahak. Ya rubuta layukan waƙa kusan 6,000 tare da fassara, ya kuma haɗa ƙamus na Tamahak da Faransanci wanda aka buga cikin mujalladi huɗu a 1951 da 1952. Masu nazarin harsunan Buzaye suna dogara da shi har yau.

Wani abu da ya faru a farkon 1908 ya gyara masa fahimta. An daɗe ba a yi ruwa ba, ya rabar da abincinsa, ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Buzayen nan, duk da yunwar da suke ciki, suka bi rugage suna neman awaki masu sauran nono, suka yi ta kawo masa har ya miƙe. Wanda ya zo da niyyar bayarwa sai ga shi yana karɓa, kuma daga nan zumuncinsu ya zama na ba-ni-in-ba-ka.

Ya kuma yi fatan Kiristoci waɗanda ba limamai ba, kamar 'yan kasuwa da manoma da masu jinya, su zauna cikin jama'a su nuna addininsu ta hanyar gaskiya da riƙon amana. Yakan kafa hujja da Akila da matarsa Biriskila, masaƙan tanti da aka ambata a Sabon Alkawari.

Inda gizo ke saƙa

Akwai abubuwa biyu da mai nazari ba zai tsallake ba. Na ɗaya, idan da yawan mabiya ake auna nasara, to bai ci ba, domin Buzayen Ahaggar sun tsaya kan Musuluncinsu, kuma ba wanda ya dawwama tare da shi cikin ƙungiyar zuhudun da ya so kafawa. Na biyu, ya shiga hamada ne a inuwar mulkin mallaka. Abokin hafsan Faransa Laferin ne, yana musayar wasiƙu da sojoji, yana kuma ganin mulkin Faransa alheri ne ga ƙasar, ko da yake ya soki yadda hukuma ta kau da kai daga bauta. Wannan ya sa wasu ke tambaya ko za a iya raba kirkin mutum da ƙarfin bindigar da ke bayansa.

A wannan yanayi ajalinsa ya zo. Ran 1 ga Disamba 1916 wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kama shi a ƙofar ganuwar da ya gina, wadda aka ajiye makamai a cikinta, wani saurayi da aka sa gadinsa ya firgita ya harbe shi. A cikin watan nan ne kuma Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas.

Kammalawa

Irin da ya shuka bai tsiro ba sai bayan ransa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu maza a Aljeriya, a 1939 kuma ta mata. Tsarinsu shi ne zama cikin unguwannin talakawa, da yin aikin ƙwadago irin na maƙwabtansu, da barin ƙofa a buɗe. Ran 15 ga Mayu 2022 Fafaroma Faransis ya sanya shi cikin waliyyan cocin Katolika.

Abin da Katolika suka ɗauka daga tarihinsa shi ne cewa maƙwabci yakan karanta halin mutum kafin ya saurari maganarsa, gani kuwa ya kori ji. Tarihin ya kuma nuna sharaɗin wannan hanya: mai bin ta sai ya koyi harshen mutane, ya yarda su ma su taimake shi, ya kuma riƙa duba wane iko yake jingine da shi, domin maƙwabtansa suna ganin wannan ma.