Ranar da na ga wuta ta sake tashi a matacciyar masana'antar Carrie

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Pittsburgh, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Duk sanda na hau gadar Rankin nakan hango wasu dogayen tandunan ƙarfe sun yi jawur da tsatsa a bakin kogin Monongahela, amma ban taɓa tsayawa ba. Bana dai ɗana mai shekara goma ya tasa ni gaba, sai mun je bikin da ake yi a wurin duk kaka, wanda suke kira Festival of Combustion, wato bikin wuta da ƙira.

Sunan wurin Carrie. Tanderu biyu suka rage, na 6 da na 7, an gina su a 1907, kowanne tsayinsa ƙafa 92. A nan ake narka tama, a loda ruwan ƙarfen a taragun jirgin ƙasa, a haye gada da shi da zafinsa zuwa masana'antar Homestead. An kashe wutarsu a 1978, ita ma Homestead ta rufe a 1986. Aiki na tafiya, mutane suka bi shi. Garin Braddock da ke maƙwabtaka yana da mutum sama da dubu 20 a 1920, yau ko dubu 2 ba su kai ba.

Wata ƙungiya mai suna Rivers of Steel ce ta tsaya kai da fata aka bar tandunan nan a tsaye, har a 2006 gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ita ce ke shirya bikin.

Muna shiga ƙarar guduma ta tarbe mu. Ga maƙera, ga masu walda, ga masu hura gilashi, kuma ba kallo kawai ake yi ba, har da sa hannu. Aka ba yaron nan bulon yashi da ƙusa, aka ce ya zana abin da yake so, amma a juye, domin in an zuba ƙarfe sai ya fito daidai. Sunansa ya rubuta, sau biyu yana gogewa. Can gefe kuma ga kan barewa mai ƙafa 40, wanda wasu masu fasaha suka ƙera a 1997 da bututu da wayoyin da suka tsinta, lokacin wurin yana kango, shiga ma a sace suke yi.

Da yamma ta yi aka hura ƙaramin tanderu, aka cika shi da tsofaffin ƙarafan ɗumama ɗaki da aka farfasa. Maza da mata sanye da rigunan fata suka riƙa tarar narkakken ƙarfe a babban ludayi, mutum biyu na kamawa, suna bi suna zubawa. Tartsatsi na tashi, jama'a na sowa. Na ce wa yaron, "Ai haka ake zubin tukunya a Panteka." Ya ce, "Baba, mene ne Panteka?" Wallahi tambayar nan ta sare mini gwiwa. A Kaduna aka haife ni, mahaifina ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, amma ban taɓa zaunar da jikansa na ba shi labari ba.

Kada in yi wa mai karatu daɗin baki: bikin yini guda ba ya dawo da dubban ayyukan da suka tafi. Ka fita ƙofa ka zagaya Rankin, za ka ga gidaje a rufe. Amma akwai abin da ya dawo. Cikin masu zagayawa da baƙi har da tsofaffin ma'aikatan ƙarfe. Wanda ya zagaya da mu ya nuna mana inda ake buɗe bakin tanderu ruwan ƙarfe ya kwararo, yana bayani da murmushi kamar mai nuna gonarsa. Matasa kuma suna koyon zubi da walda a wurin, ba sai ranar biki ba.

Da dare na tura wa Baba bidiyon ta WhatsApp. Washegari ya kira ni. Bai yi maganar wuta ko barewa ba, abu ɗaya ya tambaya: da gaske ana barin tsofaffin ma'aikata su shiga? Na ce ƙwarai. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce shi tun ranar da aka rufe musu ƙofa bai sake taka cikin masaƙar ba, kuma kusan kullum sai ya wuce ta gabanta. Daga nan ya ce in miƙa wa jikansa wayar. Sun fi awa guda suna magana.