Ƙafa Ta Samu Rauni, Alkawari Yana Nan: A Yi Gudun Ko A Miƙa Kuɗin?

A birnin Landan na ƙasar Ingila, tun shekarar 1981 ake yin gudun famfalaki mai nisan kilomita 42 da 'yan kai. Dubban masu gudun ba kyauta suke nema ba, kuɗi suke tara wa ƙungiyoyin taimakon marasa lafiya da marayu da naƙasassu. A shekarar 2019 jimlar abin da aka tara tun farkon gasar ta haura fam biliyan 1.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar agaji takan sayi gurbi daga masu shirya gasar, ta ba mai gudu, shi kuma ya yi alkawarin tara mata kuɗi, sau da yawa fam 2,000 ko fiye. Sai ya bi dangi da abokai da abokan aiki, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Shirin gudun yakan ci wata huɗu ko biyar, a nan ne kuwa ake yawan samun rauni: gwiwa ta kumbura, agara ta yi tsami, ko ƙashin ƙwauri ya tsage saboda yawan dukan ƙasa. Irin wannan tsagewa takan nemi hutun mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Wanda ya matsa ya yi gudu a kanta, tana iya zama karaya sosai.

To, 'yan'uwa masu karatu, mutum ya karɓi kuɗin jama'a, ga ranar ta matso, ga ƙafa ta ƙi. Me zai yi?

Wasu sukan ce alkawari kaya ne, ko da ɗingishi sai an kai ƙarshe. Amma mara lafiyan da ake tara wa kuɗin ba ya ƙaruwa da kobo don wani ya karya ƙafarsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wasu kuma sukan ce ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa, a huta. Wannan ya fi sauƙi, har kuɗin mota da masauki da zai kashe su ma sai su shiga asusun. Sai dai aljihun mutum ɗaya bai kai na mutum ɗari ba. Amfanin gudun shi ne yana sa waɗanda ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba su buɗe hannu.

Labarin Terry Fox na ƙasar Kanada ya haskaka maganar. An yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda ciwon daji. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya fara gudu da ƙafar roba don tara kuɗin binciken cutar. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ciwon ya kama huhunsa, ya tsaya ranar 1 ga Satumba, ya kuma faɗa wa duniya dalili. A lokacin dala miliyan 1.7 ya tara. 'Yan kwanaki bayan haka, wani shirin talabijin ya tara fiye da dala miliyan 10. Kafin rasuwarsa a watan Yuni 1981, kuɗin ya wuce miliyan 24.

Ashe tsayawar ƙafa ba ta tsai da taimako, in an faɗi gaskiya. Saboda haka wanda ya ji rauni ya fara ganin likita, ya bi maganarsa. Ya sanar da ƙungiyar da wuri, domin gurbin nata ne, tana iya ba wani ko ta ɗaga masa zuwa baɗi in doka ta yarda. Ya gaya wa duk wanda ya ba shi kuɗi halin da ake ciki, wanda ya so a mayar masa a mayar. Sa'an nan ya sa nasa baikon a kai, ya ci gaba da roƙon jama'a daga inda yake jinya. Wanda aka yi wa alkawarin magani yake jira, kuma ba zai tambayi wanda ya kawo shi ko a guje ya zo ba.