Shin Shawarar Kyauta Tana Ƙara Wa Ƙananan Masana'antu Riba?

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. A kan irin wannan tunani ne waɗansu manyan attajiran Amurka, cikinsu har da David Rockefeller, suka kafa ƙungiyar IESC a shekarar 1964, domin aika tsofaffin manajoji da suka yi ritaya zuwa ƙasashe masu tasowa, su ba masu ƙananan kamfanoni shawara ba tare da karɓar albashi ba. Kanada ta bi sahu a 1967, Holan a 1978, Jamus kuma a 1983.

Niyyar tana da kyau, babu shakka. To, amma ko da baƙon bai karɓi ko kwabo ba, akwai kuɗin jirgi da masauki, ga kuma lokacin da mai sana'a zai bar aikinsa ya zauna saurare. Saboda haka tilas a tambaya: ribar ta ƙaru kuwa?

Godiyar mai masana'anta ba hujja ba ce, domin ɗan halak ba ya kushe kyauta a gaban mai ita. Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce ƙuri'a, watau a raba masu sana'a gida biyu, a ba kashi ɗaya shawara, a ƙyale ɗayan, sa'an nan a gwada ribarsu daga baya.

An yi haka da teloli 160 a birnin Akara na ƙasar Gana, inda aka haɗa waɗansunsu da ƙwararrun kamfanin Ernst & Young. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa telolin sun fara rubuta shige da ficen kuɗinsu, amma ba da jimawa ba suka koma gidan jiya, ribar kuwa ba ta ƙaru ba.

A unguwar Dandora ta birnin Nairobi kuma, an haɗa mata masu ƙananan sana'o'i da waɗanda suka riga su gogewa a unguwar. Ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100, alhali waɗanda aka koyar a aji ba su ga canji ba. Dalili kuwa shi ne, 'yan gari sun san inda ake sarin kaya da rahusa. Sai dai da ziyarar ta yanke, ƙarin ya dushe.

Darasi a nan a fili yake. Tela ko maƙeri ko mai injin niƙa ya fi ƙaruwa da wanda ya san kasuwarsa, wanda kuma zai riƙa leƙo shi a kai a kai. Don haka muna kira ga hukumominmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, duk shirin da aka kawo musu su nemi a auna shi bayan shekara biyu da tafiyar baƙi, su kuma waiwayi tsofaffin 'yan kasuwarmu da ke zaune a gida da iliminsu.